Injiniya Sa'idu da Hujin da Ya Yi wa Waya

Ina tsugune a bakin fangalin tumatir ina gyara bututun ban ruwa, da hantsi, sai Ado direba ya tsayar da motarsa a kan gadar kanal ya sauko. Ado ba mai saukowa daga mota ba ne. Yawanci ta taga yake jefo gaisuwa ya wuce. Ran nan kuwa har inda nake ya tako, ya tsuguna, ya yi ta jan gaisuwa kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Can ya ce mini ya kai kaya wajen Ɗambatta, a can ya ji cewa Allah ya yi wa Injiniya Sa'idu rasuwa bayan jinyar ciwon hanta, har an kai shi makwancinsa. Na yi salati, na ce daga Allah muke kuma gare shi za mu koma. Na ajiye bututun na zauna a bakin fangalin.

Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Amma an san ni a wannan yanki da riƙe abin da ya wuce, an kuma san ni da taurin kai, ban musa ko ɗaya ba. Abin da ya sa na nemi a rubuta wannan guda ɗaya ne. A ƙasar nan tamu an kira wannan bawan Allah ɓarawon ruwa, sunan ya bi shi har ya bar mu, ya kuma rasu ba wanda ya tsaya gabansa ya ce an janye. To ina so a janye.

Wanda bai san noman rani a nan ba sai na yi masa bayani kaɗan. Ruwan da muke noma da shi daga madatsar Tiga yake tasowa, ya biyo babban kanal, a rarraba shi ƙanana-ƙanana har ya iso gona. Kowane sashe da ranarsa, kowace gona da lokacinta. Mu gonakinmu suna can ƙarshe, ta wajen Bunkure, inda muke kira wutsiya. Sai kowa ya sha mu sha. Saboda haka babu laifin da ya kai huda gaɓar kanal muni a wurinmu. Wanda ya huda gaɓa ya zura bututu kafin lokacinsa, bakin yaran wani ya cire wa tuwo. Ba ma kai irin wannan mutum gaban alƙali. Barinsa kawai muke yi. In ya kira gayya ba a zuwa, in ya zauna a tabarma sai a tuna da wani uzuri, in ya yi sallama a amsa masa a taƙaice. Haka muka tsara tun da aka kawo ruwan, kuma tsarin ya tsare mu, ba zan ce bai tsare mu ba.

Sa'idu ya zo mana yana saurayi mai sabon aure. An kawo shi ne ya kula da kwamfutocin da wasu Turawa suka kafa a ofishin ruwa kafin su koma ƙasarsu. Ya kama haya a Kura, yana zuwa aiki a kan wani tsohon babur da sai an tura shi yake tashi. Aikinsa na cikin ɗaki ne mai sanyi, ba abin da ya haɗa shi da taɓo, amma duk yamma sai ka gan shi a bakin kanal ya naɗe wando. Ba ya taka kunyar gonar mutum sai ya yi sallama ya jira an amsa, ko da mai gonar yana can nesa. Idan ka miƙa masa kwandon tumatir sai ya zaɓi biyu ko uku ya goge a riga ya ci a tsaye, ya ce sauran na kasuwa ne. Tambaya kuwa kamar ɗan koyo: me ya sa albasa ba ta son ruwa ya kwana mata, me ya sa muke fara ban ruwa daga can ƙurya. In ka ba shi amsa ba ya cewa a littafi ba haka ba ne. Sai ya ce zai yi tunani.

Ni da shi tsokana ce ta haɗa mu. Na sa wa na'urorinsa suna akwatunan ƙarya, duk inda muka gamu sai na tambaye shi ko sun karya kumallo. Shi kuma ya ce suna gaishe ni, sun ce in rage faɗa. Wata rana a teburin mai shayi na ƙure shi a kan wannan magana, sai ya ajiye kofi ya ce, "Baba Tanko, ba sa ƙarya. Shiru suke yi. Shirun nan kuwa ya fi ƙarya ɓarna, domin ƙarya ana iya kama ta." A lokacin dariya na yi masa.

Shekarar da gwamnati ta matsa a noma alkama, mu mutanen wutsiya kusan duk mun zuba ta. Ta fito kyakkyawa, sanyi ya karɓe ta. Tana daf da yin ciki, lokacin da ba ta yafe ƙishirwa, sai ruwanmu ya fara tsallake rana. Mu je wurin mai buɗe ƙofar ruwa, ya ce shi abin da ofis ya aiko masa yake bi, kuma ofis bai sa mu ba. Mu je ofis, magatakarda ya rantse ya shigar da buƙatarmu da hannunsa. Shugaban wurin ya ce na'ura ba ta mantuwa. Alkama kuwa ta fara nannaɗe ganye. Na yi ta sintiri a ofishin nan har masu gadi suka daina tambayata wurin wa na zo. Ni a raina na gama yanke hukunci cewa hannun mutum ne, wani daga sama ya sayi ranarmu. Na faɗa wa Sa'idu haka ɓaro-ɓaro. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya ce in ba shi lokaci ya duba.

Da ya duba, sai ya zaunar da ni a inuwar darbejiyar ofis ya yi mini bayani, ya kuma maimaita har na kama. Na'urorin ba a ɗaki ɗaya suke ba. Wata waya ce mai kauri kamar babban yatsa, ruwan ɗorawa, ta bi bango ta haɗa su, duk saƙon da ɗaya za ta aika wa ɗaya ta cikinta yake bi. A ɗakin ƙarshe ake shigar da buƙatar sashenmu, a ɗakin farko ake fitar da rabon ruwa. Ya ce kowace na'ura tana da wani abu kamar mai gadi a bakin ƙofarta. Saƙon da ba sunanta a kai, mai gadin ba ya karɓa. Wanda ya iso a yage kuma sai ya jefar, ba ya gaya wa kowa ya jefar. Abin da ya iso lafiya kaɗai yake miƙawa ciki, a wanke, a tace. Don haka wanda ke zaune gaban gilashin na'ura ba zai taɓa sanin an yi asara a hanya ba. Ya ce yana zargin saƙonmu a hanya yake lalacewa, amma ba zai iya tabbatarwa ba sai ya zagaye mai gadin nan, ya sauka har bakin wayar kanta, ya ga duk abin da ke wucewa ɗanye, mai kyau da yagagge, nasa da na wani. Ya ce ya riga ya tsara wa wata na'ura umarnin yin haka. Abin da ya rage ya huda wayar a tsakiya ya maƙala ta.

Nan gizo ke saƙar, in ji masu magana, amma ni cewa zan yi nan wahalar take. Wanda ya sauka bakin waya zai ga saƙon kowa, har na shugaba, har maganar albashi da ta ƙarin girma. Shugaban ya hana. Ba zan zage shi ba, yana da hujjarsa. Ya ce amanar mutane ce a ciki, a jira masana su zo daga birni. Sa'idu ya tambaya yaushe za su zo, aka ce sai an rubuta an amsa. Ya fito ya bi ni har gona, ya murza ganyen alkama a tafin hannunsa, ganyen ya kakkarye. Ya karkaɗe hannunsa ya tafi. Washegari ya aiko in zo bayan azahar.

Na same shi shi kaɗai a ɗakin tsakiya. Ya ce ya kira ni ne don kada a ce ya yi a ɓoye, yana so a sami ido ɗaya da ya gani. Ya ɗauko wani ɗan abin huji ya yi bisimilla ya huda wayar a hankali, ya kawo wani ƙarfe mai haƙori ya damƙa a wurin, ya ja siririyar waya zuwa na'urarsa. Gaskiya ko ni da na ga haka sai da gabana ya faɗi, don kamanninsa ɗaya da abin da muke tsine wa mutum a kai. Gilashin ya cika da koren rubutu yana gudu sama kamar tururuwa. Ni ban san ko harafi ɗaya ba, fuskarsa nake karantawa. Abin da na gani kuma shi ne abin da nake so a riƙe. Ya yanko kwali ya rufe yawancin gilashin, ya bar ɗan siririn wuri inda sunan mai saƙo ke fitowa. Saƙo ya wuce, ya ce, "Wannan ba namu ba ne." Wani ya wuce, ya kau da kai, ya ce ba namu ba ne. Haka ya yi ta yi, ba wanda zai kama shi in ya leƙa, ni kuwa ko ya leƙa ban sani ba. Sai da magatakarda ya aiko namu daga ɗakin ƙarshe sannan ya ɗaga kwalin. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ga shi nan, kansa ya iso, gindinsa ya ɓace. Aka sake aikowa, ya sake isowa a gutsure.

Muka bi wayar da ƙafa har ɗakin ƙarshe. A can ta shige bayan wani ƙaton kabad na ƙarfe da ba a taɓa gusarwa ba tun tafiyar Turawa. Muka ture shi. Gara ce ta yi gini a kan ƙarshen wayar, ta lulluɓe wata 'yar hular ƙarfe da ke toshe bakinta, danshi ya shiga, tsatsa ta ci. Na ce ashe ko a cikin waya mu ne a wutsiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, rabona da ganin dariyarsa ke nan. Ya kankare, ya yanke inda ya ruɓe, ya sa sabuwar hula. Ya koma gilashi ya duba, ya ce yanzu saƙonmu ya iso da ƙafafunsa. Daga nan bai tsaya ko wanke hannu ba, ya wuce ofishin shugaba ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.

Abin da ba mu lura da shi ba, Mati masinja ya leƙo ta taga lokacin da ake hujin. Mati ba mugu ba ne, ɗan manomi ne kamar kowa, abin da idonsa ya gani ya fassara da abin da ya sani. Kafin magariba labari ya kai teburin mai shayi cewa an kama Injiniya ya huda wayar rabon ruwa ya zura bututunsa. Kafin gari ya waye an ƙara cewa manyan 'yan kasuwa na sama yake karkatar wa ranarmu. Ba wanda ya tsaya tambayar yadda ruwa zai bi ta cikin waya. Mutane sun san rabon daga wayar yake fitowa, sun san an huda, sun san alkamarsu na mutuwa. A wurinmu wanda ya huda shi ne ɓarawo, ba mu taɓa ganin wanda ya huda don ya gyara ba.

Sai kuma abin da ya ƙarasa shi. Ofis ya ɗauke shi daga wurin saboda saɓa umarni, aka tura shi can wajen Haɗeja. A makon da takardar tafiyarsa ta fito, a makon ruwanmu ya dawo cif. Kowa ya ce to ga shi, an cire ɓarawo ruwa ya zo. Na tsaya a ƙofar masallaci na ce gara ce, na gani da idona. Aka yi mini dariya. Sarkin Noma Alhaji Ilu, wanda muka yi wasan ƙasa tare, ya ce, "Tanko, gara ce ta shanye kanal guda? Ko dai kai ma an ɗan jiƙa maka fangali ne?" Ban ƙara zama tabarmarsa ba har aka yi girbi.

Kwanakin da suka rage masa a Kura, na ga yadda aka yi masa abin da muke yi wa mai huda gaɓa. Ya zo teburin shayi, benci ya watse. Babur ɗinsa ya mutu a kan gada, samarin da suka saba rige-rigen tura shi suka juya baya suna kallon ruwa. Matarsa ta aika sayen kayan miya aka ce sun ƙare, ga su a faranti. Duk da haka bai fasa sallama a bakin gona ba, sai dai yanzu yakan daɗe a tsaye kafin a amsa.

Ranar da zai tafi na same shi yana ɗaure katifa a kan mota. Na ce ya zo gaban jama'a bayan sallar Juma'a ya yi musu bayanin da ya yi mini a ƙarƙashin darbejiya, in ya so a kira Mati a tsayar. Ya ce in aka tsayar da Mati, sunan da aka cire daga kansa a kan Mati zai sauka, shi kuwa tafiya zai yi, Mati a nan zai tsufa. Na ce to sunanka fa? Ya ce, "Baba, ruwan ya iso gonarka?" Na ce ya iso. Ya ce, "Alkamar za ta tashi?" Na ce rabi za ta tashi. Ya ce to a bar shi haka, in hankali ya kwanta mutane za su gane da kansu. Ya roƙe ni abu ɗaya, in riƙa tuna wa 'yan ofis su duba bayan kabad in damina ta wuce.

A nan ni da marigayi muka saɓa, kuma har yau ban sauko ba. Ina ganin da ya tsaya ya yi magana. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ya bar mutanen kirki sun ɗauki alhakinsa a ka suna tsammanin adalci suka yi. Ni kuma ba ni da harshen da zan bayyana mai gadi da saƙo yagagge yadda shi yake bayyanawa. In na fara sai in rikice, a ce tsufa ne. Wannan ne baƙin cikina. Gaskiyar tana hannuna, amma ta fi ƙarfin bakina.

Na tuna wa 'yan ofis, suka ce sun ji. Rani biyu suka wuce lafiya. A na bana sai ruwanmu ya koma tsallake rana, daidai irin na wancan karo, alhali Sa'idu yana can nesa, ba ya ko taka ƙasar nan. Mutane suka fara kallon ƙasa in sun gamu da ni. Alhaji Ilu da kansa ya saka babbar riga ya tafi ofis, ya ce ba abin da ya kawo shi sai a ture masa kabad ɗin nan. Aka ture. Ya tsaya ya kalli ginin garar, ya sa sandarsa ya taɓa, ya juyo ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Da yamma ya zo ƙofar gidana ya zauna a ƙasa, ba a tabarma ba. Ya ce sai mu haɗa dattawa mu je har inda yaron nan yake. Muka sa rana, in an gama kwashe tumatir, don a tafi da abin hannu. Ba mu san yana kwance ba. Tumatir ɗin ne nake wa ban ruwa Ado ya tsaya a kan gada.

Mun je ta'aziyya ƙauyensu da ke wajen Ɗambatta, ni da Alhaji Ilu da Mati da wasu dattawa. Mahaifinsa, Malam Haruna, tsoho ne mai makarantar allo, ya karɓe mu a zaure. Bayan an yi addu'a, Alhaji Ilu ya gyara zama ya ce mun zo da ta'aziyya, mun kuma zo da roƙo, a yafe mana abin da muka yi wa marigayi. Malam ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Me kuka yi masa?" Muka dubi juna. Ya ce shi dai abin da ya sani, duk sanda aka ambaci Kura sai Sa'idu ya ce mutanen can ba su da wasa da haƙƙin juna, ya ga garin da ba a cin ruwan maƙwabci a kwana lafiya. Ya ce har a jinyarsa yana cewa in ya warke zai kai 'ya'yansa su ga alkama. Aka aika ciki a tambayi matarsa ko tana da magana. Ta aiko cewa ta gode da zuwa, abin da maigidanta bai faɗa ba ita ma ba za ta faɗa ba.

Mati ya fita waje. Mu kuma muka zauna da roƙonmu a hannu, ba mai karɓa. Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Kano. A nan na gane cewa ba a Ɗambatta sunansa ya ɓaci ba, can fes yake. A nan ya ɓaci, a teburin shayinmu da ƙofar masallacinmu, a nan kuma ya kamata a gyara. Don haka duk wanda wannan ya isa gare shi, in ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Injiniya Sa'idu ɗan Malam Haruna bai saci ɗigon ruwan kowa ba. Ya huda waya da rana tsaka a gaban shaida, ya rufe idonsa daga sirrin mutane, ya ceci rabin alkamarmu, aikinsa da mutuncinsa suka tafi a kai.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya suturta bayinka bai leƙa abin da ba nasa ba, ka suturta shi ranar da asirai ke tonuwa. Ka ba Malam Haruna da mahaifiyar marigayi haƙurin rashinsa. Ka tsare matarsa, ka raya 'ya'yansa a kan halinsa, ka haɗa su da mutanen da za su yi musu adalci tun suna raye. Mu kuma da muka makara, ka isar masa da abin da ba mu samu faɗa masa ba, ka yafe mana, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.